Rautar ce ke mantuwa, ko yaron ne ke taɓa ta?

Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin ofishin aika kaya a Jidda, muna tura kayan 'yan kasuwa da na alhazai zuwa Kano da Yamai. A bara wani mai gyara ya kawo mana rauta, wato na'urar rarraba intanet, ta hannu, Cisco 1941, ya haɗa mana kwamfutoci da kyamarori a kanta. Ta yi watanni lafiya lau. Amma tun da ɗan ƙanwata ya fara aiki wurina, duk Asabar da safe sai mu tarar babu intanet: sunan Wi-Fi yana nan a waya, amma ko saƙo ba ya fita. Mai gyaran, wanda shi kaɗai ke da kalmar sirrin na'urar, yakan zo ya sake saiti, ya karɓi riyal 150, ya ce mini wani ne ke taɓa ta. Yaron shi ke rufe ofis daren Alhamis, shi ke kashe babban makunnin wuta kamar yadda na umarce shi tun da kuɗin wuta ya fara yawa. Na yi masa faɗa a gaban ma'aikata, na ce shi ke yi don ya ba abokansa intanet. Ya rantse har idonsa ya kawo ruwa. Yanzu mahaifiyarsa da ke Makka ta daina ɗaga wayata. In sallame shi ne, ko in sayi sabuwar na'ura?

Mai neman shawara, daga Jidda.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sallame shi, kada kuma ka fitar da ko halala ɗaya, wato ko sisin kwabo, wajen sayen sabuwa tukuna. Rabin amsar da kanka ka rubuto ta: abubuwa biyu ne suka fara lokaci guda a ofishinka, zuwan yaron da kashe babban makunni. Idonka ya tsaya kan yaron saboda shi ne mai rai, shi ake iya yi wa tsawa. Ni nawa idon kan makunnin yake.

Ka ce ta yi watanni ba ta ba ku matsala ba. To, ai watannin nan ba a taɓa kashe ta ba. Wutar Jidda ba ta cika ɗaukewa ba, na'ura tana iya yin rabin shekara a kunne da cuta a cikinta, ba wanda ya sani. Da a Kano ofishin yake, da tun makon farko ka gano halinta, tun kafin yaron ya sa ƙafa a ofishin.

Ga yadda irin wannan rauta take riƙe saitinta. Tana da wuri biyu. Na farko shi ne RAM, inda saitin da ake aiki da shi yanzu yake zaune, masu sana'ar suna ce masa running-config. Wuta na yankewa, abin da ke can ya tafi. Na biyu NVRAM, wata 'yar ma'ajiya da ba ruwanta da ɗaukewar wuta, a nan ake adana kwafin da ake kira startup-config. Ka ɗauka na farko allo ne, na biyu littafi: duk ranar da aka kashe wuta an wanke allon, idan ta tashi sai ta buɗe littafin ta kwafe abin da ke ciki zuwa allo, ta ci gaba da aiki. Rautar gida takan adana da kanta da zarar ka danna maɓallin ajiya a shafinta. Ita wannan ba ta yi, sai an ba ta umarni a rubuce: "copy running-config startup-config", ko a taƙaice "write memory". Duk wanda ya yi saiti ya tashi bai rubuta wannan ba, aikinsa yana nan ne kawai zuwa ranar da za a kashe wuta.

Wannan shi ne zato na farko, cewa mai gyaranka ba ya adanawa. Yana yiwuwa, amma da wuya mutum ya manta abu guda mako bayan mako. Abin da na fi zargi shi ne na biyu, saboda kalma ɗaya da ka faɗa: ta hannu ce.

Irin waɗannan na'urori daga kamfanoni da bankuna suke fitowa idan an sauya musu sababbi. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina sayar da wannan samfurin tun 2018, don haka duk wadda ka gani a kasuwa yanzu ta taɓa zama a hannun wani. Sau da yawa tana zuwa a kulle da kalmar sirrin masu ita na farko. Akwai sananniyar hanyar buɗe ta, ba ta ɓoye ba ce, kamfanin da kansa ya wallafa ta. A cikin na'urar akwai wata lamba da take dubawa duk lokacin da za ta tashi, wadda ke faɗa mata yadda za ta tashi. Lambar da aka saba ita ce 0x2102, ma'anarta ki tashi ki karanta saitin da aka adana. Idan ana son tsallake kalmar sirri sai a mayar da ita 0x2142, ma'ana ki tashi amma kada ki ko kalli abin da aka adana. Sai ta tashi fanko, babu kulle, a shiga a sauya kalmar sirri. Matakin ƙarshe shi ne a mayar da lambar yadda take, kuma shi ne matakin da aka fi mantawa, tun da a ranar komai yana aiki, mai saye ya gamsu, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa.

Idan haka ne ya faru da taka, ko sau ɗari mai gyara ya adana saiti, ba abin da zai sauya. Saitin yana nan daram a ma'ajiya, ita ce aka ce kada ta karanta. Duk Asabar riyal 150 ɗinka yana tafiya ne wajen sake rubuta abin da ke kwance a cikinta.

Sunan Wi-Fi da kuke gani kuwa, daga wata 'yar na'ura dabam yake fitowa, wataƙila wadda ke manne a bango ko a silin, don 1941 zalla ba ta da Wi-Fi a jikinta. Ita tana tashi lafiya, hanyar da za ta bi ta kai ga intanet ce ta toshe. Nan ma ka tsaya ka auna zargin da ka yi. Yaron da ke son ba abokansa intanet, kalmar sirrin Wi-Fi zai karanta musu, shi ke nan. Me zai kai shi goge rauta, abin da zai kashe intanet ɗin ga kowa har da shi da abokan nasa? Goge saitin da aka adana yana buƙatar shiga ciki da kalmar sirrin da ka ce mai gyara kaɗai ke da ita, ko kuma wanda ya san aikin sosai ya zo da waya ta musamman. Zargin bai zauna ba ko ta wace fuska.

Ba sai ka ɗauki maganata ba, na'urar da kanta za ta ba da shaida, kuma minti goma sun isa. Asabar mai zuwa kada ka kira kowa. Ka nemi wayar da ake kira konsol, siririya ce mai faɗi, galibi shuɗiya mai haske, bakinta ɗaya irin na wayar intanet. Wadda ɗaya bakin nata USB ne ta fi sauƙi, ana samunta a shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid. A soka ta a ramin da aka rubuta CONSOLE a bayan rautar, ɗaya bakin a kwamfuta, a buɗe manhajar PuTTY, kyauta ce, a zaɓi Serial, a sa lambar ramin COM da kwamfutar ta nuna, gudu kuma 9600. Sannan a kunna wuta. Rubutu zai yi ta zubowa na 'yan mintuna. Idan ta tashi fanko, a ƙarshe za ta yi tambaya da Turanci ko ana son fara saiti daga farko, ta sa yes da no. A rubuta no. Sai ka ga kalmar Router da alamar > a gabanta, sunan da take fitowa da shi daga masana'anta ke nan, alamar ba ta ɗauko saitinku ba.

A rubuta "show version". Shafin yana da tsawo, a riƙa danna babban maɓallin tazara har a kai ƙarshe. Wurare biyu nake so ka sa ido. A sama akwai layin da ke faɗar tsawon lokacin da ta yi a kunne, kusa da shi akwai wanda ke faɗar dalilin tashinta na ƙarshe, kuma za ka ga power-on, wato wuta aka kunna. Layi na ƙarshe kuma shi ne alƙalin: Configuration register is, sai lamba. Idan 0x2142 ka gani, magana ta ƙare.

Daga nan a rubuta "enable". Tun da fanko ta tashi, ba za ta nemi kalmar sirri ba. Sai "show startup-config". Idan saitinku ya zubo, layi bayan layi, da adireshin kwamfutoci da na kyamarori, to mai gyara yana adanawa, lambar ce matsalar. Idan kuma ta ce babu komai a ajiye, lambar kuma 0x2102 ce, to ko dai ba ya adanawa, ko ma'ajiyar ta lalace. Zan dawo kan wannan.

A nan ne haɗarin yake, kuma ina roƙonka ka karanta wannan sakin sau biyu. Yayin da take fanko, kada kowa ya rubuta "write memory". Yin haka zai ɗora fankon a kan saitin da ke ajiye, ya shafe shi har abada. Abin da ake yi shi ne akasin haka: "copy startup-config running-config", daga ajiya zuwa aiki. Kalmomi biyu ne kawai aka sauya wa wuri, amma ɗaya tana dawo da saiti, ɗaya tana kashe shi. Bayan ya dawo, a rubuta "configure terminal", sai "config-register 0x2102". Akwai wani ɗan tarko kuma: ramukan wayoyin intanet suna tashi a rufe idan rauta ta tashi fanko, kuma kwafar saitin ba ta buɗe su. Sai an shiga kowanne, misali "interface gigabitEthernet 0/0", an rubuta "no shutdown", haka ma na 0/1. Mutane da yawa a nan suke karaya, su ce gyaran bai yi ba, alhali layi biyu suka rage. Tun kana ciki, ka sa taka kalmar sirrin da "enable secret" a biyo da kalmar da ka zaɓa. A rubuta "end", a nan ne kuma ya halatta a adana da "copy running-config startup-config". Idan aka sake duba "show version", layin ƙarshe zai ce lambar za ta koma 0x2102 a tashi na gaba.

Sai jarrabawa. Ka je da kanka ka kashe babban makunnin nan, ka ƙirga talatin, ka kunna. Idan intanet ya dawo ba tare da kowa ya taɓa komai ba, an gama. Wannan jarrabawar ita ce ya kamata a riƙa yi wa duk mai gyaran rauta kafin a miƙa masa kuɗi, a Jidda ne ko a Kantin Kwari.

Wa zai zauna ya danna waɗannan? Shawarata ita ce yaron. Ka kira shi, ka miƙa masa wannan shafin, ka ja kujera ka zauna gefensa. Matashin da ke sarrafa waya dare da rana ba zai kasa kwafar layuka goma ba. Idan kana fargabar ɓangaren gyaran, ku tsaya a dubawa kawai, don "show version" da "show startup-config" ba sa sauya komai, ku ɗauki hoton allon kwamfutar da waya, sannan ku kira mai gyara ya yi sauran a gabanku.

Kada kuma ka sauke zargin daga kan yaro ka ɗora wa mai gyara. Na san abin da zuciya za ta raya maka: mutumin da ke cin riyal 150 duk mako ba zai so cutar ta warke ba. Ba ka da hujjar wannan, kamar yadda ba ka da hujjar wancan, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da yawa daga masu wannan aiki a hannu suka koya, sun iya haɗa waya da kwafar saiti, amma ba su taɓa duba layin ƙarshen nan ba. Laifin da zan iya ɗora masa kai tsaye guda ne, kuma ba ƙarami ba ne: ya ce wani ne ke taɓa ta ba tare da ya duba ba, a ofishin da ya san mutum ɗaya ne ke rufewa. Ka nuna masa hoton, ka ji abin da zai ce. Idan ya karɓi kuskure ya gyara ba tare da neman ƙarin kuɗi ba, ka ci gaba da hulɗa da shi. Idan ya hau musu da abin da ke rubuce a gabansa, Jidda ba ta rasa masu gyara ba.

Ko da wa za ka ci gaba, akwai abin da ba ya zama a hannun ɗan waje shi kaɗai. Kalmar sirrin rauta taka ce, kamar makullin sito. Haka ma kwafin saitin. Bayan an gyara, a soka filash a ramin USB na rautar a rubuta "copy running-config usbflash0:", ko a kwafe abin da "show running-config" ya nuna a zuba a fayil na rubutu. Ƙaramin fayil ne ƙwarai, amma da shi duk wanda ya san aikin zai tayar da ofishinka cikin ɗan lokaci, ko da na'urar ta ƙone. Ka adana shi inda kake adana takardun ofis, don akwai kalmomin sirri a cikinsa.

Idan kuwa an adana, lambar daidai, amma an kashe an kunna ta sake tashi fanko, to ma'ajiyar ce ta gaji. Na'urar da ta haura shekara goma tana aiki, wataƙila a ɗakin da ake kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da dare, ba abin mamaki ba ne. Yawancin irinsu an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, ofis a rufe a watan Yuli kuwa ka san yadda yake. A wannan halin ban ba ka shawarar kai ta gyara ba. Ka ma tambayi mai gyaran, wane aiki take yi wanda akwatin da kamfanin intanet ya ba ku ba zai iya ba? Idan raba kyamarori da kwamfutoci ne, ko haɗa ku da reshen Kano ta amintacciyar hanya, to tana da amfani. Idan ya kasa ba ka amsa, ofis mai 'yan kwamfutoci ba lallai ne ya buƙace ta ba tun farko.

Ga masu karatu da tasu ba irin wannan ba ce, dalilan sun ɗan bambanta. A rautar gida, TP-Link ko Huawei ko makamantansu, a fara duba ɗan maɓallin nan na mayar da ita sabuwa da ke cikin rami a baya, wani lokaci yakan maƙale a danne. Sai adafta: a karanta abin da ke rubuce a ƙasan na'urar, idan volt 12 da amfiya 1.5 take so, ba a sa mata ta amfiya 1 don kawai bakin ya shiga. Akwatin da kamfanin intanet ya kawo kuma, kamfanin yana iya tura masa saiti daga nesa ta tsarin TR-069, wani lokaci abin da ka sauya ya koma yadda suka tsara, sai dai ka kira su. Rautar MikroTik tana adanawa da kanta, amma ƙananan cikinsu ma'ajiyarsu megabait 16 ce kacal, idan ta cika saiti yakan ƙi zama.

Batun makunni kuwa, Alhaji, bari in yi maka lissafi. Wannan rauta kusan wat 35 take sha. Daga daren Alhamis zuwa safiyar Asabar, abin da za ta ci bai kai riyal ɗaya ba. Mukayyif da fitilu ne ke cin kuɗinka, su za a kashe. Kuma ka lura, duk daren da aka sauke babban makunni kyamarorinka ma barci suke yi, a daidai lokacin da ofis cike yake da kwalayen mutane ba kowa a ciki. Da a kunne suke, da tuni sun nuna maka yaron yana kashe wuta ya ja ƙofa ya tafi. Ka sa mai aikin lantarki ya ware wa rauta da kyamarori layinsu, ka ƙara musu ƙaramin batirin UPS, mai riƙe musu wuta idan an ɗauke. Amma a gyara lambar tukuna, barin ta a kunne ɓoye cutar ne kawai.

Saura mahaifiyarsa, kuma wannan ba zai jira Asabar ba. Ba fushin intanet take yi ba. Ta ba ka amanar ɗa, kai kawunsa, ka kira shi maci amana a gaban bare. Ko da a ƙarshe ya zama yana da hannu, abin da ban zata ba, faɗan da ka yi ya riga hujja, wurin da ka yi shi ma ba wurinsa ba ne. Tun da a gaban ma'aikata ka faɗa, a gabansu za ka janye, ba a ɗaka kai da shi ba. Ba dogon jawabi ake nema ba: ka ce ka yi gaggawa, ka ce ya yafe maka. Girmanka ba zai ragu ba, ma'aikatan ma za su san cewa gobe idan abin ya faɗo kansu za a bincika kafin a yanke hukunci.

Ita kuma kada ka tsaya aika saƙon murya. Makka daga Jidda tafiyar kusan awa ɗaya ce. Ka je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka tafi da yaron a motarka, ka riƙa mata ɗan abin hannu. Kada ka buɗe bakinka da bayanin rauta da lambobi, ba shi ta ke son ji ba. Idan akwai babba a gidan, yaya ko gwaggo, ka fara biyawa ta wurinsa.

Idan kun duba kun ga wata lamba da ba 0x2102 ko 0x2142 ba, ka turo mini hoton ƙarshen shafin "show version" kaɗai. Na "show running-config" kada ka tura wa kowa ta WhatsApp, har da ni.